Daga kan babur zuwa Majalisar Wakilai: labarin Donatus Mathew na Kaura

Tambaya: Wani matashi mai sana'ar acaba a Zariya ya aiko yana cewa, "Malam, mun sha jin wai wani ɗan acaba daga kudancin Kaduna ya zama ɗan majalisar tarayya. Gaskiya ne ko labarin shayi ne? Wane ne shi, yaya aka yi ya ci, kuma me ya sa daga baya muka ji ya bar jam'iyyar da ta kai shi? Irina zai iya kaiwa can?"

Amsa: Ƙanena, gaskiya ne, ba labarin teburin mai shayi ba ne. Sunansa Donatus Mathew, shi ne aka zaɓa ya wakilci mazaɓar Kaura ta Jihar Kaduna a Majalisar Wakilai a zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, a ƙarƙashin jam'iyyar Labour, wato LP. Kuma ya yi acaba, shi da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida, ya ce da babur ya riƙe kansa a wani lokaci na rayuwarsa kuma ba ya jin kunyar hakan. Sai dai na daɗe ina bin zaɓuka a jihar nan, na kwana a wuraren tattara sakamako ba sau ɗaya ba, kuma abin da ke damuna da yadda ake ba da labarin mutumin nan shi ne ana tsayawa a kan babur ɗin kawai. Kamar dai ya ajiye fasinja da safe, da yamma aka kira shi aka ce ga kujera. Idan ka ɗauki labarin a haka za ka yi wa kanka mummunan lissafi, shi ma ka rage masa daraja.

An haife shi a 1988, ɗan ƙasar Kagoro ne a Ƙaramar Hukumar Kaura. Ya yi karatu har ya kai ga digiri a fannin falsafa, a makarantar Saint Albert da ke kudancin Kaduna. Ka ga ke nan acabarsa irin ta dubban matasanmu ce da suka gama makaranta aka rasa aikin ba su, suka ƙi zaman kashe wando. Bayan haka ya riƙe muƙamin kansila a ƙaramar hukumarsu. Wannan guntun bayanin na kansila shi ne jaridu suka fi tsallakewa, alhali a ganina shi ne ƙashin bayan labarin gaba ɗaya. Mutumin da ya yi kansila ya riga ya shiga ɗakin siyasa ya ga yadda aka jera kayan ciki. Ya san wa ke riƙe da matan gunduma, wa matasa ke saurare, wane dattijo ne idan bai amince ba ƙauye guda ba zai fito ba. Ya san yadda ake cike fom, yadda ake tsayar da wakili a rumfar zaɓe, da yadda ake rigima a gaban baturen zaɓe ba tare da an kore ka daga ɗaki ba.

Kada kuma ka ɗauka ina raina gudunmawar babur ɗin. Kai da kake kan sana'ar ka fi ni sani. A ƙasa irin ta Kaura, inda ƙauyuka ke manne da gindin duwatsun Kagoro kuma hanyoyi da yawa mota ba ta shiga da damina, ɗan acaba shi ne motar asibiti, shi ne ɗan aike, shi ne gidan rediyo. Shi ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama. Shi ke ɗaura buhun masara a baya, mai buhun ta zauna a kansa, a nufi kasuwa. Ya san gidan da aka yi rasuwa, ya san wanda ya ce "kai ni, zan ba ka ran kasuwa" kuma bai bayar ba har yau. Duk ɗan takarar da ke zaune a Abuja kuɗi yake biya a kawo masa irin wannan labarin, kuma rabin abin da ake kawo masa ƙarya ne. Wanda ya yi shekaru a kan babur kyauta ya same shi. Amma sanin mutane daban, mayar da saninsu ƙuri'a daban, kuma a tsakanin biyun ne kansilanci da jam'iyya suke shigowa.

Yanzu ga alƙaluman, domin su ne ke faɗin abin da ya faru a zahiri. Donatus Mathew ya samu ƙuri'a 10,508. Ɗan majalisa mai ci a lokacin, Gideon Lucas Gwani na PDP, ya samu 10,297. Ɗan takarar APC ya samu 9,919, na NNPP kuma 5,354. Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ƙuri'a 211 ce kacal. Kaura na da gundumomi 10, to ka raba ka gani: kusan ƙuri'a 21 a kowace gunduma, wato gida biyu ko uku masu yawan iyali. In ka haɗa ƙuri'un mutum huɗun za ka samu 36,078, kason wanda ya ci bai kai kashi 30 cikin ɗari ba. Ma'ana, a cikin kowane mutum goma da suka dangwala wa waɗannan jam'iyyu, bakwai ba shi suka zaɓa ba. Wannan bai rage halaccin nasararsa da komai ba, domin a zaɓen ɗan majalisa wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, babu sharaɗin samun kashi ɗaya cikin huɗu a wurare da dama kamar yadda ake gindaya wa shugaban ƙasa da gwamna. Amma yana nuna maka cewa ƙuri'a ce ta rabu gida huɗu, shi kuma ya kasance a tsaye daidai inda rabon ya faɗi.

Wanda ya kayar ɗin ba ƙaramin mutum ba ne. Gwani ya yi zango huɗu a majalisar, kuma a lokacin shi ne mai tsawatarwa na marasa rinjaye, wato yana cikin shugabannin majalisa. Kudancin Kaduna kuwa daga 1999 har zuwa wannan lokacin gidan PDP ne, har ana ganin wanda ya samu tikitinta a can ya gama zaɓe, saura rantsuwa. To amma daɗewa a kujera tana da nata ciwon. Shekara goma sha shida ta isa mutum ya tara masu jin haushinsa a cikin gidansa: wanda aka yi wa alkawarin aiki ba a cika ba, wanda yake ganin layinsa ya zo an hana shi, da masu cewa ai kujerar ta daɗe a ɓangare ɗaya. Kaura ƙaramar hukuma ɗaya ce amma masarautu uku ne a cikinta, Kagoro da Moro'a da Takad, kuma kamar ko'ina a ƙasar nan, maganar "yanzu lokacin su wane ne" ba ta rabuwa da siyasar wurin.

Sannan ga halin da mutanen suka shiga zaɓen da shi. Shekarun da suka gabaci 2023 sun yi wa Kaura zafi. An kai hari ƙauyen Madamai a Satumban 2021, an kai ƙauyen Malagum a Disamban 2022, wata biyu kacal kafin zaɓe, kuma an rasa rayuka da yawa a duka biyun. Mutumin da ya binne 'yan uwansa a kabari ɗaya ba ya zuwa rumfar zaɓe da sanyin zuciya. Ɗan majalisa ba shi da soja, ba shi da ɗan sanda, wannan gaskiya ne, amma mai ƙuri'a ba ruwansa da wannan bayani. Duk wanda ya gani a kan kujera, shi zai tambaya.

A cikin wannan yanayi ne guguwar Peter Obi ta iso. Obi ya bar PDP a ƙarshen Mayun 2022 ya koma LP, jam'iyyar da ƙungiyar ƙwadago ta kafa tun 2002 amma ba ta taɓa yin wani babban tasiri a Arewa ba. Ya ɗauki Yusuf Datti Baba-Ahmed, ɗan Zariya, a matsayin mataimaki. Manyan 'yan siyasa sun yi ta cewa jam'iyyar ba ta da tsari a ƙasa, har gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufa'i, ya nuna shakkar ko magoya bayan Obi za su iya tara mutum ɗari biyu a titin Kaduna. Da aka ƙirga, Obi ya samu ƙuri'a sama da 290,000 a jihar, mafi yawansu daga kudanci da unguwannin kudancin birnin Kaduna. Dalilan a fili suke: tikitin Musulmi da Musulmi na APC ya ɓata wa Kiristocin yankin rai, PDP ta tsayar da Atiku Abubakar a lokacin da da yawa ke ganin mulki ya kamata ya koma Kudu, ga kuma matasa da suka gaji da jam'iyyun biyu. Zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisar tarayya rana ɗaya ake yi, takarda uku ake miƙa wa mutum a tare. Wanda ya fito domin Obi, ya nemo hoton nan na uba da uwa da ɗa ya dangwala, sau da yawa hannunsa kan sake neman hoton a takarda ta biyu da ta uku. Mu a nan Arewa mun san wannan sarai. A 2015 da aka ce "sak", mutane nawa ne suka tafi Abuja a inuwar Buhari alhali ko maƙwabtansu ba su yi zaton za su ci ba? Haka aka yi a Kano da NNPP a 2023. A Kaduna LP ta samu kujera biyu a Majalisar Wakilai, ta Kaura da ta Chikun da Kajuru, wadda marigayi Ekene Adams ya ci, ya rasu a Yulin 2024.

Akwai wani abu da nake so ka lura da shi, domin ya shafi tambayarka ta ƙarshe. A Nijeriya babu takarar indifenda. Sashe na 65 na tsarin mulki ya ce sai jam'iyya ta tsayar da kai. Sauran sharuɗɗan masu sauƙi ne: ka zama ɗan ƙasa, ka yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, ka kai shekara 25, bayan gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018, wanda ya rage shekarun daga 30. Doka ba ta hana talaka ba. Jam'iyya ce ke tare ƙofa. A 2022 fom ɗin takarar Majalisar Wakilai a APC naira miliyan 10 ne, a PDP miliyan biyu da rabi, kuma kuɗin fom shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe. Bayansa a lokacin akwai daliget, waɗanda a daren zaɓen fid da ɗan takara suke zama sarakuna. A zaɓen 2023, dokar zaɓe ta 2022 ta yarda mai neman wannan kujera ya kashe har naira miliyan 70 a yaƙin neman zaɓe. Ka lissafa sau nawa za ka ɗauki fasinja daga Kwangila zuwa Samaru kafin ka tara wannan. Abin da ya buɗe wa irin su Donatus hanya shi ne a tsakiyar 2022 tikitin LP ba ya da masu rububi. Masu kuɗi ba su ga alamar ci a cikinsa ba, sai suka bar shi ga wanda ya yarda ya ɗauka. Da jam'iyyar ta yi farin jini, tikitin yana hannunsa. Ba na kiran wannan sa'a zalla, domin ɗaukar tikitin jam'iyyar da ake yi wa dariya, a gidan PDP, a gaban mai zango huɗu, yana buƙatar ƙarfin hali.

Abu biyu kuma sun taimaka wa ƙananan 'yan takara a wannan zaɓe. Na farko ƙarancin takardun kuɗi da canjin fasalin naira ya jawo a farkon 2023, wanda ya sa masu niyyar raba kuɗi a bakin rumfa da yawa suka rasa tsabar da za su raba. Na biyu na'urar BVAS, wadda ke tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, ta sa cusa ƙuri'un da suka wuce adadin waɗanda aka tantance ya yi wuya fiye da da. Bari in ba ka abin da na gani da idona a wani zaɓe, a wata ƙaramar hukuma da ba sai na ambaci sunanta ba. Ƙarfe biyu na dare, wutar janareta tana rawa, jami'in wata gunduma ya miƙe ya karanto sakamako. Sai wani yaro siriri, wakilin wata ƙaramar jam'iyya, ya ɗaga hannu. Ya zaro takardu daga cikin leda baƙa, kofen sakamakon kowace rumfa da wakilansu suka sa wa hannu, ya ce lissafin rumfa biyu bai yi daidai da abin da aka karanta ba. Aka yi ta hayaniya, aka ce ya zauna, ya ƙi. Da aka ɗauko na asali aka duba, shi ne da gaskiya, aka gyara. Bambancin bai kai ƙuri'a ɗari uku ba. Tun daga ranar, duk lokacin da na ji an ci zaɓe da tazara irin 211, ledar nan nake tunawa. Guguwa tana iya kawo maka ƙuri'a, amma idan ba ka da mutum a kowace rumfa da zai tsaya har a ƙirga, ya karɓi kofensa, ya bi akwati zuwa gunduma, ƙuri'ar ba za ta kai gida ba.

An rantsar da majalisa ta goma ranar 13 ga Yuni, 2023, aka zaɓi Tajuddeen Abbas, ɗan majalisarku na Zariya, a matsayin kakaki. Daga nan labarin ya canza salo, kuma wannan ɓangaren ne ba a cika ba matasa ba. Majalisar Wakilai kujera 360 ce. Sabon shiga, daga jam'iyyar adawa wadda ta zo ta uku a yawan kujeru, muryarsa ɗaya ce a cikin wannan taro. Kakaki ne ke ba da damar magana, shugabanni ne ke raba kwamitoci, kuma kwamiti ne wurin da ake aikin gaske, a nan ake zama da ministoci da shugabannin hukumomi a kan kasafin kuɗi. Kafin ƙudurin doka ya zama doka sai ya wuce karatu uku, ya je Majalisar Dattawa, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu, kuma yawancin ƙudurorin da ake gabatarwa ba sa kaiwa ko'ina. Ayyukan mazaɓu da ake ta magana, ba kuɗi ake damƙa wa ɗan majalisa a hannu ba bisa ƙa'ida. Yana ba da sunan aiki ne, a sa shi a kasafin wata ma'aikata ko hukuma, sannan ya yi ta zarya ana sakin kuɗin ko ba a saki ba. Wanda ke da ƙafa a jam'iyya mai mulki zaryarsa ta fi gajarta.

A gida kuma wani nauyin ke jira. Na taɓa zama awa biyu a falon wani sabon ɗan majalisa, ba wannan ba. Wayarsa biyu ba su huta ba. Wannan matarsa na asibiti, wancan kuɗin makarantar 'ya'ya, wani rufin ɗaki iska ta yaye, wata ƙungiya na son ya zama uban taro. A ƙofar gida mutane sun yi layi tun asuba. Ya dube ni ya ce, ko aikin majalisar bai fara karantawa ba. To ka ɗora wannan a kan mutumin da kowa ya san shi a kan babur. Wanda ya gaji arziki yana iya ɓuya a bayan dogon gini da masu gadi, ba a yi mamaki ba. Shi kuwa abokan tasha suna ganin nasu ne ya samu, kuma ranar da bai ɗaga waya ba za a ce ya manta inda ya fito. A ƙarshen 2023 da maganar saya wa 'yan majalisa manyan motoci ta taso, shugaban LP na lokacin, Julius Abure, ya nemi 'yan jam'iyyarsa su ƙi karɓa. Wannan ya nuna irin matsin da ke kan duk wanda ya shigo da sunan talaka: ana auna shi da mudun da ba a auna sauran da shi.

Sai maganar sauya sheƙa. Ranar 5 ga Disamba, 2024, kakakin majalisa ya karanta wasiƙun wasu 'yan LP huɗu da suka koma APC, Donatus Mathew na cikinsu, sauran daga Imo da Kuros Riba da Edo. Dalilin da aka bayar shi ne rikicin shugabanci a jam'iyyar. Rikicin kuwa na gaske ne. A Satumban 2024 ɓangaren Obi da gwamnan Abiya, Alex Otti, suka kafa kwamitin riƙo a ƙarƙashin Nenadi Usman, wadda ita ma 'yar kudancin Kaduna ce, tsohuwar ministar kuɗi kuma tsohuwar sanatar yankin, shi kuma Abure ya ce shi ne shugaba, aka shiga kotu. Ambaton rikici a wasiƙar sauya sheƙa ba ado ba ne. Sashe na 68 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai fa idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. A 2015 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ifedayo Abegunde na Jihar Ondo, wanda shi ma LP ya bari, ta ce rabuwar da ake nufi sai ta shafi jam'iyya a matakin ƙasa, ba rigimar reshen jiha ba, kuma ya rasa kujerar. Shi ya sa kowane mai tsallakawa yake jingina da rikicin uwar jam'iyya.

Idan ka tambaye ni ra'ayina, ban ji daɗin wannan mataki ba, kuma ba zan ɓoye ba. Kaso mai yawa na ƙuri'a 10,508 ɗin nan mutane ne da suka fito musamman domin su juya wa APC da PDP baya. Tsohuwar da ta tsaya a rana ta nemo hoton jam'iyya ta dangwala, ba a koma an tambaye ta ba kafin a ɗauki ƙuri'arta a kai inda ta ƙi. Doka ta ba ta hanyar kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, kuma har yau ba a taɓa cire ɗan majalisar tarayya ta wannan hanya ba. A ganina abin da ya fi dacewa shi ne duk mai son canza jam'iyya ya ajiye kujerar ya sake neman ta a sabuwar rigarsa.

Amma na fahimci lissafin da ya kai shi, kuma lissafin yana cikin alƙaluman da na ba ka a sama. Ɗan takarar APC yana bayansa da ƙuri'a 589 ne kawai, ke nan APC ba baƙuwa ba ce a Kaura. Gwamnan jiha, Uba Sani, ɗan APC ne, gwamnatin tarayya ta APC ce, kakakin majalisa ɗan jiharsu ne kuma ɗan APC. A lokacin jam'iyyar da ta kawo shi ta dare biyu, ba a san ɓangaren da hukumar zaɓe za ta karɓi sunayen 'yan takara daga hannunsa ba. Abin da ya sa tikitin LP ya zo masa da sauƙi, wato rashin masu gida a jam'iyyar, shi ne kuma ya bar shi ba rumfa bayan guguwa ta lafa. Sai dai inda ya koma akwai masu gida. Akwai waɗanda suka yi wa APC wahala a Kaura lokacin da ambaton sunanta ma abin faɗa ne, kuma ba za su miƙa tikiti hannu biyu ga wanda ya kayar da su jiya ba. Waɗanda suka zaɓe shi domin LP kuma sai ya sake lallashinsu daga farko.

To, irinka zai iya? Zai iya, amma ba ta hanyar da labarin ya nuna maka ba. Tsanin da mutumin nan ya taka yana da matakai: karatu, sana'ar da ta haɗa shi da jama'a, kansila, sannan tikiti a lokacin da ya dace, a mazaɓa ƙarama mai ƙaramar hukuma ɗaya wadda mutum zai iya zagaye ta a kan babur. Zariya ba haka take ba, yawan masu zaɓenta da nauyin 'yan siyasarta daban ne. Matakin kansilan ma ba a buɗe yake kamar yadda ya kamata ba, domin hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya shi, kuma a zaɓen ƙananan hukumomin Kaduna na Oktoban 2024 APC ce aka ce ta lashe shugabanni 23 da kansiloli 255 gaba ɗaya. Haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ke mulki. Wannan na cikin abubuwan da suka fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin a nan ne ya kamata yaran talakawa su koyi aikin.

Duk da haka kana da abin da za ka fara da shi a hannunka. Ƙungiyarku ta 'yan acaba tana da shugabanni, tana karɓar kuɗin tikiti kullum, tana sasanta rigima da jami'an hanya. Nemi muƙami a can, ko na ma'aji ne, ka riƙe littafin kuɗin yadda ranar da aka ce a kawo lissafi ba za ka yi gumi ba. Idan takardar sakandarenka ba ta cika ba, ka koma ka cike ta, domin a kan takardun makaranta an sha kayar da mutane a kotu bayan sun ci zaɓe. Ka yanki katin jam'iyyar da ranka ya kwanta da ita a gundumarku, ka riƙa zuwa taro ko ba a raba komai. Zaɓe mai zuwa kuma, maimakon a ɗauke ka haya kana jigilar masu ƙuri'a a ba ka kuɗin mai, ka ce a sa ka wakili a rumfar unguwarku. Ka je da biro biyu, da fitila, da leda, ka zauna har a gama ƙirga, kada ka tashi sai an miƙo maka kofen sakamakon da sa hannunka a kai.